Majigi: Jiya a Dandali, Yau a Ɗakin Taro

Kwanan baya wani ƙanena da ke sayar da takin zamani da irin shuka a Gusau ya zo mini da shawara. Ƙungiyarsu ta dillalai ta tara kuɗi za ta sayi na'urar haska bayani a bango, domin duk ƙarshen wata sai sun zauna an karanta musu lissafin shige da fice, kuma kafin faɗuwar damina sukan tara wakilansu na Bungudu da Tsafe da Kwatarkwashi a nuna musu sabbin kaya. Ya ce, "Yaya, furojekta muke son saye, wace iri ka ga ya dace mu ɗauka?" Na ce masa, "Majigi ke nan kake nufi." Ya yi dariya, ya ce ai majigi na mutanen da ne. Tun da ya faɗi haka hankalina ya koma garinmu Nahuce, shekaru hamsin baya.

A shekarun 1970 muna 'yan firamare, babu ranar da ta kai mana ranar zuwan motar majigi. Tun da la'asar za ka ji mai shela yana zaga gari, yana isar da gaisuwar hakimi, yana cewa yau akwai majigi bayan sallar lisha. Daga nan kuma ba sauran aike a gida. Motar Land Rover ce ta ma'aikatar watsa labarai, da lasifika a kanta, ta sha ƙurar hanya. Muna tsaye muna kallo za a kafa sanduna biyu a dandali, a ɗaura farin ƙyalle a tsakaninsu, a ja shi ya miƙe sumul. Janareto kuwa can nesa ake kai shi bayan wata katanga, a jawo doguwar waya, don kada ƙararsa ta danne magana. Kafin duhu ya gama rufawa masu ƙosai da rake da dafaffiyar gyaɗa sun jera aci-bal-bal a gefe.

Ba a kunna na'urar sai dare ya yi sosai. Da an kunna sai ka ga haske ya fito kamar igiya daga bakin madubi zuwa ƙyalle, ƙwari suna ta shawagi a cikinsa. Mu yara sai mu riƙa ɗaga hannu don inuwar yatsunmu ta fito a allo, dogari yana bin mu da tsumagiya yana cewa, "Ku zamna ƙasa, ɗiyan ga!" Wanda bai samu wuri a gaba ba sai ya zagaya bayan ƙyallen, ya kalli komai a juye, hannun dama ya koma hagu. In zaren fim ya tsinke, allo ya yi fari fat, sai dandali ya ɗauki ihu har sai mai na'ura ya liƙa shi.

Amma duk wanda ya ga majigi a wancan zamani zai gaya maka cewa tauraron daren shi ne mai bayani. Yana tsaye gefen mota da abin magana a hannu. Hoton da aka ɗauko a Legas ko Kaduna, wani lokaci har Ingila, shi ke sa masa bakin Hausa. Zai raɗa wa mutumin da ke allo suna irin namu, ya yi masa zambo in ya sha ruwan tafki bai tace ba, ya yabe shi in ya kai ɗansa allurar rigakafi. Ya san inda zai saki barkwanci mata su yi guɗa, ya san inda zai sassauta murya dattawa su gyaɗa kai. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A dandalin majigi kuwa gani da ji tare suke tafiya, ɗaya bai iya aiki sai da ɗan'uwansa. A bakin irin waɗannan mutane da yawa daga cikin iyayenmu suka fahimci canjin hannun tuƙi na 1972 da canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973.

Sai da na girma na san asalin abin. Kalmar majigi kanta daga Turanci ta zo, daga sunan wata tsohuwar fitila da Turawa ke kira fitilar sihiri, wadda tun ƙarni na 17 ake haska hotunan da aka zana a gilashi da ita. Ke nan majigin farko ma hotuna ne tsayayyu ɗaya bayan ɗaya, irin abin da ƙanena ke son yi yau. A Najeriya, wani jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers ne ya fara amfani da fim a Legas a shekarun 1920 don faɗakar da jama'a game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta kafa nata sashen a Kaduna, motocinta suna ratsa larduna. Shi ya sa mutanenmu suka raba majigi da sinima. Sinima gini ne a birni, da kuɗi ake shiga, kuma malamai ba su yi na'am da shi ba. Majigi kyauta ne, a fili ake yin sa, da izinin hakimi, uba da ɗa da uwa duk suna wurin.

Harkar kasuwanci ta daɗe da gane amfaninsa. Gusau gari ne da auduga da gyaɗa suka gina, musamman bayan layin dogo daga Zariya ya ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda a 1929. Ba mamaki da fim ɗin Baban Larai, wanda ke koyar da noman auduga na zamani, ya zauna a bakin manoman Arewa shekara da shekaru. Kamfanonin sabulu da na magunguna su ma sukan fito da nasu motocin, a nuna ɗan wasan ban dariya, a tsakiya a tallata kaya, a ƙarshe a buɗe bayan mota a fara ciniki.

Majigi mai hoto tsayayye na fara ganinsa ne bayan an kafa shirin bunƙasa aikin gona na Gusau a 1975, wanda Bankin Duniya ya tallafa tare da na Funtuwa da na Gwambe. Wani malamin gona ya zo makarantarmu da 'yar na'ura ƙirar Kodak, mai faranti zagayayye a kai wanda ke ɗaukar hotuna 80. Kowane hoto ɗan mitsitsi ne cikin firam na kwali, kuma a kife ake jera su don su fito daidai a bango. Ya danna maɓalli, ƙwas, sai ga ganyen auduga da tsutsa a kansa, ta kai girman akuya. Ya sake dannawa, ƙwas, sai ga tazarar da ake bari tsakanin kunya da kunya. Ɗaya daga ciki ya fito kai a ƙasa, manomi yana tsaye da ka, aji ya kwashe da dariya. Abin da ya burge ni shi ne hoton ba ya gudu. Yana nan har sai an gama tambaya an gama amsa. Wannan shi ne kakan abin da ake yi yau da PowerPoint, manhajar da ta fito a 1987. Kodak dai ya daina ƙera irin wannan na'ura a 2004.

Tsakanin wancan da na yau an yi zamanin wata na'ura mai faffaɗan gilashi da dogon wuya, wadda ake shimfiɗa mata farar leda a rubuta da alƙalami mai tawada, rubutun ya fito a bango. Ita ce ta cika kwalejoji da ɗakunan horar da ma'aikatan banki. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama babban birni, tarurrukan bita suka yawaita a otal-otal, sai majigin da ake haɗawa da kwamfuta ya shigo. A farko tsadarsa ta sa haya ake ɗauko shi, da yaron da zai zauna kusa da shi yana gadi.

A irin wannan taro na sha kunyar da ba na mantawa. Ni aka ɗora wa gabatar da lissafin wata ƙungiyar adashi ta ma'aikata, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a zaure mai manyan tagogi shida. Na kwana ina shirya jadawali. Aka kunna na'ura, sai ga lambobi sun fito dishi-dishi kamar rubutun allo da aka wanke. Muka aro zannuwan gado aka rufe tagogi, zafi ya taso, mutane suka fara fifita da takardun taro. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareto ƙwan na'urar, wanda ya yi zafi kuma fankarsa ta tsaya ba shiri, ya ƙi sake kamawa. Wani dattijo daga baya ya ce, "Malam, ka aje wanga abu ka yi muna bayani da baki." Haka na yi, kuma a nan aka fahimci lissafin. Ina komawa gida na tuna masu majigin Nahuce. Su ba su taɓa kunna na'ura da rana ba, ba su taɓa dogara da wutar kowa ba, kuma ba su taɓa zuwa babu mai bayani ba.

Wannan darasin na mayar wa ƙanena. Na ce kafin ya tambayi farashi ya fara duba ɗakin da za su zauna da kuma lokacin zaman. Ƙarfin hasken majigi da lumen ake auna shi. Ɗakin taro mai tagogi, da rana, yana son lumen 3,000 zuwa sama, zaure babba kuma fiye da haka. Ƙananan nan masu araha da ake rubuta wa manyan lambobi a kwali, yawancinsu na kallon fim ne a ɗaki mai duhu, kuma araha ba ta ado. Kada ya biya sai an kunna masa a shago da rana tsaka, ya sa nasa jadawalin, ya ja baya kamar taku goma ya ga ko zai iya karanta ƙaramar lamba. Fim yana jure dishi-dishi, amma lissafi ba ya jurewa, don sifiri ɗaya in ya ɓace sai a yi rigima. Saboda haka ya nemi mai tsabtar hoto 1280 sau 800 ko wanda ya fi shi, kuma ya tabbata yana da kafar HDMI, don kwamfutocin yanzu da yawa sun bar tsohuwar kafar VGA mai shuɗin kai.

Sai batun wuta da ƙura, waɗanda su ne ajalin na'ura a ƙasarmu. Mai ƙwai irin na da yana cin wuta wajen wat 300, ƙwan yana ƙarewa bayan 'yan dubban awoyi, sabo kuma yana da tsada, ga shi yana bukatar fanka ta ci gaba da juyawa bayan an kashe. Mai hasken LED ko leza yana kaiwa awa 20,000, ba ya damuwa sosai da ɗaukewar wuta, wasunsu ma batirin sola yana ɗaukarsu. Ko wanne ya saya, ya haɗa da na'urar daidaita wuta. In hunturu ya shigo ya riƙa cire matatar iska yana kakkaɓewa, ya ɗinka wa na'urar riga. Na kuma gaya masa gaskiya cewa in mutum goma ne kawai a ƙaramin ofis, babbar talabijin mai inci 55 ta wadatar, ba sai an wahala da majigi ba.

Dandalin kuwa ya riga ya watse. Kaset ɗin bidiyo ya shigo da kallo cikin gida, aka rufe gidajen sinima a Zamfara lokacin da aka ƙaddamar da shari'a tsakanin 1999 da 2000, wayar hannu ta zo ta ba kowa nasa allon a tafin hannu. Matsalar tsaro ta ƙarasa abin da ya rage, don yau a ƙauyukanmu da yawa ba mai tunanin tara mata da yara a fili bayan lisha. In ka ga majigi da dare yanzu, to a gidan kallon ƙwallo ne.

Ƙungiyar ƙanena ta sayi nata, mai haske sosai, na kuma halarci zamansu na farko. Hoto ya fito tas. Sai dai sakataren ya cika kowane shafi da rubutu, ya juya wa jama'a baya yana karantawa daga bango, har wasu suka fara gyangyaɗi. Da aka tashi na ja ƙanena gefe na ce, "Kun sayi majigi mai kyau, saura ku nemo mai bayani." Duk mai shirin sayen wannan na'ura don kasuwancinsa, ya auna hasken ɗakinsa, ya tanadi wutarsa, sannan ya zaɓi wanda zai tsaya gefen allo ya fuskanci mutane ya yi musu magana da harshen da suke ji.