Doki ya daina ɗingishi ba yana nufin ya warke ba

1/ Masu dawaki na Yauri, mu yi magana kafin hawan Sallah ya ƙaraso. Idan jijiyar ƙafar doki ta yage, ɗingishin kan tafi cikin 'yan makonni, amma jijiyar kanta sai ta ci wata 9 zuwa 12 kafin ta ɗauki sukuwa. A wannan tsakanin ne ake nakasa dawaki.

2/ Akawal ɗin kawuna wata 7 ke nan da rauninsa. Wajen kilisa ya same shi, a bakin ruwa kusa da Yelwa. Bayan ƙwaurin ƙafar gaba ya kumbura kamar baka, ka taɓa ka ji zafi rau.

3/ Wasu suka ce a yi masa lalas. Likitan dabbobi ya ce a'a, ƙona fata ba ya ɗinke jijiya. Abin da ya sa mu: ruwan sanyi minti 20 safe da yamma, bandeji, a bar shi a barga, a rage masa hatsi don kada ƙarfi ya sa shi tsalle-tsalle.

4/ Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Naman da ke cike gurbin da ya yage tabo ne, ba ya miƙewa kamar jijiyar asali. Tafiya kaɗan-kaɗan ce ke sa zaren ya jeru daidai. Wato ɗaure shi wata da watanni ma cutarwa ce.

5/ Sai ja da ragama, minti 5, ana ƙarawa a hankali har ya kai 40. Ƙanena ke yi idan ina makaranta, kuma wallahi ya sha tsiya: "Doki ne ko akuya kake kiwo?" 😅 A wata na 5 aka ɗora sirdi, tafiya zalla. Sassarfa kwanan nan aka fara, minti 2 kacal.

6/ Mutanen bakin Kainji, daga Ngaski zuwa Wara, ku lura da ƙasa. Idan ruwa ya ja baya, rairayin nan da laka kamar sun fi masa taushi, alhali ƙafa nutsewa take, jijiya ta ja fiye da kima. Ƙasa mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗiya, ta fi. Kullum bayan aiki a shafa ƙafar, in da zafi ko kumburi a koma baya.

7/ Yanzu rigimar ita ce Kawu na son hawansa ranar Sallah. Na ce, "Kawu, kaya masu nauyi, ga sukuwa, ga zamiya a gaban fada, jijiyar nan ba za ta ɗauka ba. In ta sake yagewa, shi ke nan." Ya yi shiru, ya ce shekara 6 bai hau wani ba.

8/ Har yanzu bai amsa ba. Ni dai na riga na yi wa wani abokinsa a Shanga maganar aron kili.