Manhaja Biyu a Faifai Ɗaya

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina sabunta Windows 10, kwamfutata kuwa ta tsufa, ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Lokacin ina Gammo, a Ƙaramar Hukumar Kabo, ina naɗar waƙoƙin niƙa da na daɓe daga bakin tsofaffin mata. Sayen sabuwa ba ya cikin lissafina. Sai na yanke shawarar girka Ubuntu, wani reshe na Linux, ba tare da na sallami uwargida ba, domin kundina a Word yake, a nan kuma malamina yake yi mini gyara.

Kafin amarya ta tare, dole a tsuke filin da Windows ta mamaye a faifai, a yanka mata nata. A nan haɗarin yake: idan kwamfuta ta mutu ana tsakiyar yankan, abin da ke faifan na iya salwanta, batirina kuwa ba ya riƙe caji. Cikin abin da ke faifan har da muryar wata dattijuwa da ta rasu da daminar nan, wadda ban ji waƙoƙinta a bakin kowa ba. Na kwafe komai a filashi biyu, na ba gwaggona ɗaya ta jefa a adaka. Sannan na tafi rumfar mai cajin waya, na saya wa janaretansa mai da kuɗina, na zauna ina kallon allo kamar mai jinya.

Aiki ya kammala lafiya. Yanzu da na kunna, sai kwamfutar ta tambaye ni ɗakin da zan shiga. A Ubuntu na zaɓi tsarin madannai na Hausa, ɓ da ɗ da ƙ suna fita da lanƙwasarsu. Wanda ya taɓa ganin ƙasa ta koma kasa a kundinsa ya san darajar wannan.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne saɓaninsu kan agogo. Linux tana ajiye lokacin Girinwic a agogon na'ura, Windows kuwa tana ɗaukarsa lokacin gida, Nijeriya kuma tana gaba da awa ɗaya. Duk sanda na dawo Windows sai agogo ya koma baya. Kafin in gano dalili, na makara zuwa wata hira, na tarar matar ta tafi roron wake. Sai washegari muka zauna.