Kasuwar Italiyanci

Mu ɗaliban harshe mun saba ɗaukar harshe gado ne, abin da yaro ke tsotsa a nonon uwarsa. To, amma a ƙasar Italiya harshe haja ne sosai, yana da rumfuna da dillalai, yana da lokacin ci da lokacin kwantai. Tun da na fara koyon Italiyanci nake sa ido a kan wannan kasuwa, kuma abin da na gani shi nake so in ɗan yi tsokaci a kai.

Kasuwar ta daɗe tana ci. A 1889 aka kafa Ƙungiyar Dante Alighieri don raya harshen, musamman a tsakanin Italiyawan da suka yi ƙaura. A 1917 aka fara koya wa baƙi Italiyanci a Siyena, a 1921 kuma a Ferujiya, yau dukkansu biyu jami'o'i ne na baƙi. Daga baya ƙananan makarantu masu zaman kansu suka cika Fulorans da Rum da Milan. Sai dai Italiyanci bai yi sa'ar Turanci ko Faransanci ba, domin masu jin sa mutum ne kamar miliyan 60, galibinsu a gida. Saboda haka ba makarantar da za ta naɗe hannu ta jira ɗalibai, dole ta fita talla.

Masu saye na farko su ne masu sha'awa: Jamusawa da Amurkawa 'yan hutu, da tsofaffin da suka yi ritaya, da mawaƙan ofera, da jikokin Italiyawan Ajantina da Burazil masu neman harshen kakanni. Na taɓa rubuta wa wata makaranta a Fulorans ina tambayar kuɗin wata ɗaya. Kafin gari ya waye amsa ta iso. Darasi da safe, koyon girki da la'asar, ziyarar gidajen tarihi ran Asabar, masauki kuwa a gidan wata dattijuwa mai iya miya. Batun nahawu layi biyu kacal ya samu. Nan na gane ƙasar kanta ake tallatawa, harshen kuwa ƙofar shiga ce. A bayan wannan talla akwai dillalai a ƙasashe daban-daban, waɗanda ke karɓar la'ada a kan kowane ɗalibin da suka tura.

Sai kuma ciniki na sari. A tsakiyar shekarun 2000 Italiya da ƙasar Sin suka ƙulla shirin Marco Polo, a 2009 kuma aka ƙara da Turandot don masu karatun kiɗa da zane. Ɗalibi zai zo ya yi watanni yana koyon harshe kafin ya shiga jami'a. Makarantar da ta saba tsintar ɗalibai ɗaya-ɗaya sai ga ta da aji cike. Amma a watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe ƙasar baki ɗaya, azuzuwa suka zama kufai, darasi ya koma intanet. To, a can kuwa makarantar Fulorans da malamin da ke koyarwa daga ɗakinsa duk rumfa ɗaya suke, kuma nasa ya fi araha.

Akwai wasu masu saye da ba za ka ga hotonsu a takardun talla ba, wato waɗanda kasuwa ta kai wa dole. Tun 2010 baƙon da ke neman takardar zama ta dogon lokaci sai ya nuna yana jin harshen a matakin A2. Daga Disamba 2018 kuma mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewar zama sai ya kai matakin B1. Cikinsu har da mutanenmu na Nijeriya da Nijar da Gana, masu aiki a gonaki da masana'antu, waɗanda kan tafi ajin manya na gwamnati da yamma bayan sun sha aiki. Su buƙatarsu takardar shaida ce, ko CELI ta Ferujiya, ko CILS ta Siyena, ko PLIDA ta Ƙungiyar Dante.

A nan ne, a ganina, haɗarin yake, domin duk abin da ya zama dole, wani zai nemi hanyar yanke. A watan Satumba na 2020 ɗan ƙwallon nan na Yurugwai, Luis Suárez, ya sauka a Ferujiya ya yi jarrabawar B1, lokacin da ake batun komawarsa Juventus. Cikin ɗan lokaci ya fito da shaida. Masu gabatar da ƙara suka ce an shirya tambayoyin tun kafin ya zo, kuma kafin shekarar ta ƙare shugabar jami'ar ta yi murabus. Shi dai ya wuce Atlético Madrid abinsa. Wanda aka cuta shi ne leburan nan da ya yi shekara yana haddace kalmomi da dare, domin takardar da ke hannunsa ita ce aka zubar wa daraja.

Ban ga laifin makaranta ta nemi ɗalibai ba, malami ma sai ya ci zai koyar. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya tallata harshe amana ya ɗauka. Ɗan'uwa, in har kana da niyyar zuwa, kada ka yi cinikin biri a sama. Tambayi yawan ɗalibai a aji, da awa nawa ake darasi a mako, da wanda ke duba jarrabawa. Hoton gidajen tarihi ya zo daga baya. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.