Ginin da Ya Kai Linta

A Unguwar Hajji ta ƙasar Ƙaraye, da ma garuruwan da suka yi wajen Rogo, in ka tambayi mutum labarin gininsa ba ya cewa an yi rabi ko an kusa gamawa. Sai ya ce, "Mun fito daga fandisho," ko "Yana taga," ko kuma ya ɗan gyara zama ya ce, "Ai ya kai linta." Mai tambaya ya san inda aka kwana, har ma ya iya ƙiyasta buhun masara nawa ya tafi.

Linta dai kankaren nan ne da ake zubawa a saman ƙofa da taga, da rodi a cikinsa, a tokare shi da katako har ya kama. A nan yawancin gine-gine ke yada zango, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bulo yana sayuwa kaɗan-kaɗan: ɗari biyu bayan an sayar da rake, tifar yashi in an samu sarari, siminti buhu biyar yau, uku wani watan. Rufi kuwa ba ya karɓar haka. Bandir ɗin kwano, katako, ƙusa da kuɗin kafinta duk a tashi ɗaya suke so, sau da yawa ma sai an je Kano, Na'ibawa don katako, Ƙofar Ruwa don ƙarfe. Da buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kangaye da yawa ko lintar ba su gani ba. Sai ciyawa ta fito a tsakar ɗaki, awaki su samu wurin fakewa, maigida kuma hankalinsa kwance, don ya san damina biyu ko uku ba za su ci bulo ba.

Maginin ƙasa bai taɓa samun wannan sararin ba. Da an gama kaka za a haƙo ƙasa, a zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa a tattaka, a bar kwaɓin ya kwana. A cura tubali da hannu, gindi da faɗi kai a tsuke, a jera a rana ya bushe. Yaro na ƙasa yana jefawa, magini na zaune bisa katanga yana cafewa, kuma ba a ɗora layi da yawa a yini guda, sai na ƙasa ya sha iska. Duk wannan jinkirin yana da wa'adi: kafin hadarin farko dole an shimfiɗa azara, an danne da ƙasa, an kafa indararo. Ginin ƙasa da ruwa ya tarar a buɗe, asarar rani guda ce.

Azara kanta ita ke yanke faɗin ɗaki. Itacen giginya ne da aka faskara, gara ba ta cika damunsa ba, amma in tazara ta wuce taku biyu ko makamancin haka sai ya lanƙwasa ƙarƙashin nauyin ƙasa. Daga nan dabarar bakan gizo da ɗaurin guga ta fito, a riƙa ɗaura azara kan azara a cikin ƙasa har su haɗu a sama. Da ita Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen 1830 da wani abu. Yau matashin birkila zai lissafa maka bulo mai inci 9 nawa ɗaki zai ci ba tare da ya taɓa biro ba, amma ka ce masa makuba, sai ya waiwayi dattijon da ke gefe. Ba laifinsa ba ne; ba wanda ya taɓa ba shi jingar jiƙa ɓawon ɗorawa a yi yaɓe da ruwansa.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne katangar da ta haɗa zamani biyu, kuma irinta ta fi yawa a cikin gari. Jikinta ƙasa, kanta kwano, fuskar da ke kallon gabas, inda ruwa ke duka, an yi mata filasta. A nan za ka ji ciniki iri-iri.

"Baba, a shafa mata siminti kawai mu huta da yaɓen kowace shekara."

"Alhaji, siminti ba ya auren ƙasa sai da waliyyi. A sayo waya da ƙusa."

Gaskiyar dattijon ce. In ba a kafa wayar kaji ko ƙusoshi a jikin katangar ba, filastar ba ta da abin kamawa. Ruwa ya samu tsaga ya shiga ta baya, ƙasa ta jiƙe a ɓoye, waje kuwa sumul. Wata rana ka ƙwanƙwasa ka ji tana amsawa fanko, ba da jimawa ba ta ɓamɓaro faifai guda, ta zo da rabin katangar. Mai gyaran kuma ba zai yarda da jinga ba, kuɗin yini zai ce, don bai san iya inda ruwan ya ci ba sai ya fasa.