"Za mu kira ki"

Abin da ya faru a gidana bara zan ba ku, ko wata ta tsira daga irin asarar da na yi.

Ɗiyata ta fari ta yi lakkol har ta samu birbe. Da muka ji wani kamfani a Damagaram yana neman masu rubuta kayan sito, sai na ci bashin jika 20 a asusunmu na Mata Masu Dubara. Muka haɗa dosiye: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, hotuna, da takardar kotu mai shaidar ba ta taɓa yin laifi ba. Sauran kuɗin ya tafi a mota, daga Gamu zuwa Gure, daga Gure wajen kilomita 160 zuwa Damagaram.

Ta yi ganawar da Faransanci gaban mutum uku. Suka tambaye ta lissafi, ta amsa. Suka ce ta iya kwamfuta? Ta ce kaɗan. Sai babbansu ya ce, "Ki koma gida, za mu kira ki."

Wata uku yarinyar nan ba ta rabu da salula ba, ko daka take tana ƙugunta. Shiru. Takardar kotun ma ta mutu, don wata uku ne ranta. Bashi kuwa bai san jira ba. Ni da nake shugaba, ni ce na sayar da akuyata don in cika alkawarin asusu.

Rannan wani ya kira, wai shi na ciki ne, a tura masa jika 10 ya ɗaga dosiyenta. Wallahi saura kaɗan in tura. Ita ce ta riƙe mini hannu ta ce, "Inna, mai ba da aiki shi ke biya, ba a biyansa."

Rashin samun bai ci mini rai kamar shirun ba. Da sun ce "ba ki samu ba", da ta kama saron gyaɗarta tun kaka, lokacin da take araha.

Yanzu duk yaron da za shi ganawa ina gaya masa: kafin ka tashi, ka yi tambaya cikin ladabi, yaushe za a ba da amsa, kuma wa za ka nema? In ranar ta wuce, ka kira sau ɗaya, sannan ka koma sana'arka. Ku kuma iyaye, kada ku ci bashin asusu sai kun san inda za ku biya ko da aikin bai samu ba.

Ni ma abin ya taɓa ni. Bana da ƙungiyarmu ta zaɓi sakatariya, mata uku suka nema. Da kaina na taka gidan biyun da ba a ɗauka ba, na gaya musu tun kafin magariba.

Allah Ya ba ƴaƴanmu abin yi na halal. Amin.