Ƙiryar da Iska ta Kayar a Gonar Kawu

Litinin

Hadarin daren jiya ya zo da iska kafin ruwa, irin wanda ke buɗe damina a ƙasar Kornaka cikin watan Yuni: jar ƙura daga gabas, sannan tsawa. Da sassafe yaran da suka kai awaki kiwo suka dawo da labari cewa tsohuwar ƙiryar da ke kan iyakar gonar Kawu ta faɗi. Muka tafi da hantsi. Daga saiwa ta tuge, ta kwanta kanta yamma, rassanta sun haye gonar maƙwabci. Wanda ya san ta ba zai yi mamaki ba. Shekara da shekaru iska na kwashe rairayin gindinta har jijiyoyi suka fito fili, kuma kowane rani sai an sassare mata rassa don dabbobi.

Mun iske mata sun riga mu, suna tsintar ƙirare. Ba mai hana su, busasshen reshe na mai tsinta ne, haka aka gada. Gungumen ne ke da mai shi. Kawu ya kewaya shi, muka gwada, mutum biyu da ƙyar suke rungume shi. Ya ce kada kowa ya sa gatari sai an ga mai gari.

Talata

Shuka. Jigawa ba ta daɗewa da laima, don haka kowa ya ɗauki sungumi, aka zuba gero aka kewaye ƙirya inda take.

Da yamma wani mai sayen icce, cikin masu loda motoci a bakin hanyar Dakoro zuwa Maradi, ya zo ya taya ta baki ɗaya. Nufinsa a faskare a kai birni. Kuɗin da ya faɗa ba kaɗan ba ne ga gidan da rumbunsa ya kusa ƙasa. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Albarka."

Laraba

A zauren mai gari maƙwabci ya fara: "Ranka ya daɗe, rabinta a gonata take kwance." Mai gari ya tambayi inda gindi yake. Aka ce a gonar Kawu. Ya yanke cewa gungume na mai gindi ne, rassan da suka faɗa ƙetare na maƙwabci ne, kowa ya kwashe nasa kafin gero ya tsiro. Tunda iccen shi ne shaidar iyaka tun zamanin kakanni, a dasa gamba a gurbinsa gaban shaidu. Wannan na ƙarshe ya fi komai kwanta mini a rai, don na ga yadda rigimar iyaka ke raba 'yan uwa.

Daga nan muka shiga Kornaka wajen ma'aikacin gandun daji. Kawu bai so ba. Mutanen zamaninsa sun tashi da tsoron wannan kaki, kuma tsoron yana da asali. Dokar Faransawa ta 1935 ta sa daji a hannun hukuma. Dokar 1974 ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, irin su gawo, goriba, aduwa, tsamiya da danya, ko da a tsakiyar gonarka suke. Manomi ya ga icce ba nasa ba ne, tara kawai yake jawowa, sai ya riƙa share shi tun yana tsiro. An sauya dokar a 2004, kuma a ranar 30 ga Yuli 2020 aka sa hannu kan dokar da ta amince cewa iccen da manomi ya rena a gonarsa yana da haƙƙi a kansa. Takarda ta sauya, amma zuciyar dattijo ba ta saurin sauyawa.

Ma'aikacin ya biyo mu a babur. Gindin ya fara dubawa, ko akwai sawun gatari a jijiya, ko toka, ko an zagaye ɓawo da wuƙa, domin akwai masu kashe icce a ɓoye sannan su ce da kansa ya mutu. Bai ga komai ba. Ya ce, "Baba, amfanin gida haƙƙinka ne. In za a loda a kai kasuwar birni, nan ne ake neman takarda da haraji." Tun 1992 aka tsara sayar da icce da jigilarsa zuwa birane a Nijar, tsarin da ya haifar da kasuwannin icce na karkara irin na dajin Baban Rafi, kudu da Maradi.

Alhamis

Masassaƙi ya zo da almajirinsa, gizago a kafaɗa. Bai sare komai ba tukuna. Ya bi gungumen daga gindi zuwa sama yana ƙwanƙwasawa da bayan gizago, kunne kusa da icce. Wajen gindi ƙarar ta fito holoƙo, akwai kogo, ruwa da tururuwa sun cinye ciki. Sama da nan ƙarar ta toshe. Ya ja layi da gawayi: turmi biyu manya, ƙarami ɗaya na daka yaji. Miƙaƙƙun rassa taɓare ne. Masu baki biyu gofa ce ta ƙafar rumbu, ƙanana kuma ƙotar gatari da hauya.

Na ce, "Baba, me ya sa ake sauri?" Ya ce ƙirya ɗanya ake sarrafa ta, in ta bushe ita ke cin ƙarfe. Da aka yi saran farko na ga abin da yake nufi. Bayan ɓawo akwai farin nama siriri, wanda ƙwari ke ci, shi ake ferewa a zubar. Ciki kuwa ja ne mai duhu, nauyi kamar ba icce ba, gara ba ta iya shi. Gawo ba haka yake ba, jikinsa sakayau ne, in ka kafa shi a ƙasa gara ta samu abinci. Amfanin gawo yana tsaye ne, ya zubar da ganye da damina gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, ya ba dabbobi 'ya'ya da rani. Shi ya sa ake ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan Damagaram suka sa wa mai sare shi. Danya tana da sauƙin sassaƙa, ita ce ta akushi. Goribar Gulbin Kaba azara ce ta rufin ɗaki.

Na tsaya ina kallo ina tuna tayin ranar Talata. A faskare irin wannan gungume a dafa tuwo da shi daidai yake da yanka saniyar tatsa don miyar dare ɗaya. Iccen girki ana samunsa daga sabara da kalgo, waɗanda ka sare bana su toho baɗi. Turmin ƙirya kuwa uwa ta daka a ciki, 'yarta ta gada. Ban zargi wanda yunwa ta sa ya sayar ba, amma ina jin zafin duk motar da na gani ɗauke da jan icce an faskare shi.

Juma'a

Ba a yi aiki ba sai bayan masallaci. A inuwar bedi hira ta koma kan sassaben zamani, wato barin tohon kututture a gona a rage masa rassa ya zama icce. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa shi a jihar Maradi a 1983, kuma ya bazu bayan yunwar 1984 da ake kira El-Buhari, shekarar da aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maradi zamanin Seyni Kountché. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a Nijar. Gaskiya ne, ido na gani. Sai dai wani dattijo ya ce a ƙirga abin da ya dawo: sabara, kalgo, gawo, magarya, aduwa. Ya tambaya wa ya ga matashiyar ƙirya tsakanin nan da Sabon Machi. Mutum ɗaya ne ya ce yana da ita a gonarsa. Ƙwayarta tauri gare ta, girmanta a hankali, akuya kuma ba ta barin tsiro.

Asabar

Sara tun asuba. Zarto mai hannu biyu ya raba gungume, gatura suka gama rassa. Kunama ta fito daga kogon, aka kashe. Turamen an fere su sama-sama a gona don rage nauyi, aka mirgina su kan amalanken shanu, don jaki ba zai iya ba. A gida masassaƙi ya sa a ajiye su a inuwa a rufe da buhu, kada rana ta tsaga su kafin ya rarake ciki. Ladansa turmi ɗaya ne cikin manyan. Inna ta zaɓi nata, ƙaramin aka ware wa ƙanwata da za a kai ɗaki bayan kaka. Ɓaraguzan sara mata suka kwashe a kwando, babu abin da ya rage a gona sai saiwa da ɓangaren kogo.

Lahadi

Maƙeri ya zo kan saiwar da ɓangaren kogo. Gawayin ƙirya ne maƙera suka fi so, yana riƙe wuta har ƙarfe ya yi ja, ba ya saurin zama toka. Suka daidaita da Kawu: zai haƙe, ya ƙone a rami a gefen gona nesa da shuka, ya cike gurbin da ƙasa, ya biya da hauya biyu da gyaran gatarin da ƙiryar ta dakushe jiya. Gero ya fara huda ƙasa, don haka sai bayan noman farko zai shiga da diga.