Hukuncin Sarkin Dawa

Ni malamin ofishin hakimi ne a ƙasar Birnin Kudu, aikina rubuta ƙararraki da wasiƙu da adana littattafai. Amma gidan da aka haife ni gidan mafarauta ne. Ƙanen ubana, wanda muke kira Baffa, yana da karnuka huɗu, kowanne ya san halinsa kamar ɗan cikinsa. Da aka sa ni makarantar allo, daga baya kuma firamare, sai na soma jin kunyarsa. In na hango shi tafe da gorarsa da rigar layu, karnuka na biye, sai in ratse lungu don kada abokaina su ce ga baffan wane. Abin da ya raba ni da wannan wauta shi nake so in gaya muku.

Duk wanda ya san Birnin Kudu da Gwaram ya san ƙasa ce ta duwatsu, a kudancin Jihar Jigawa, dab da iyakar Bauchi. In kaka ta wuce, aka kai amfanin gona gida, sai ka ji gangar farauta tun da asuba. Sarkin Dawa ne ke sa rana, shi ke faɗin dajin da za a shiga. Abin da akan samo shi ne zomo da gafiya da kurege da damo da zabin daji, wanda ya dace ƙwarai ya sami gada. Mutumin birni in ya ga ayarin nan, ba abin da ya ke gani sai ƙura da ihu da sanduna, sai ya ce zauna-gari-banza ne. Bai san dokoki uku ke bisa kansu ba.

Ta fari ita ce ta addini. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida an halatta cin abin da horarren kare ya kama, in mai shi ne ya sake shi da sunan Allah. In an iske naman da sauran rai, wajibi ne a yanka. Littafin Risala, wanda muka karanta a zaure, ya nuna farauta don wasa kawai makaruhi ce, amma don neman abinci halal ce. Ta biyu ita ce ta gwamnati. A 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji, ta ware waɗanda ba a taɓa su sam, da waɗanda sai da lasin. A 1985 kuma Gwamnatin Tarayya ta yi tata don dabbobin da suka kusa ƙarewa. Akwai dazuzzukan da aka keɓe, kamar Yankari ta Bauchi da aka kafa a 1956, waɗanda ba a shigarsu da kare. Ta uku ita ce al'adar mafarauta su kansu. Ba a rubuce ta ke ba, amma tun zamanin En'e, wadda aka rushe a 1976, ita ce hakimi da dagaci ke komawa gare ta in daji ya rikice.

To, wata shekara da rani, mutanen ƙauyenmu suka gamu da na wani ƙauye na ƙasar Gwaram a daji guda. Gada ta tashi, karnukan ɓangaren biyu suka bi ta, suka kayar. Wannan ya ce tasa ce, wancan ya ce tasa ce. Kafin manya su iso samari sun zare gora, an karya wa wani yaron Gwaram hannu. Dagaci ya kawo su gaban hakimi, ni kuwa na buɗe littafi na rubuta, "Faɗan 'yan iskan farauta." Zancen rauni aka miƙa shi ga hukuma. Amma hakimi ya san ko an hukunta wani, muddin ba a faɗi mai gadar ba, baɗi sai an yi kisa. Ya dube ni ya ce, "Malam, me littafi ya ce?" Na duba, na sake dubawa, na ce, "Ranka ya daɗe, littafi bai san karen da ya riga kamu ba."

Sai aka aika kiran Sarkin Dawa, wanda a lokacin Baffa ne. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce a kawo fatar. A al'adarmu, karen da ya fara kamawa shi ke da nama, wanda ya taimaka a ba mai shi ƙafar gaba. Baffa ya shimfiɗa fatar, ya nuna cizo biyu, ɗaya a ƙafar baya, ɗaya a wuya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kare ba ya samun wuya sai nama ya faɗi. Wannan na wuya na karen ɗana ne, na gane shi don fiƙarsa guda a karye ta ke. Wanda ya kama ƙafa shi ya kayar. Naman ba namu ba ne." Bai tsaya nan ba. Ya ce ɗan nasa shi ya fara ɗaga sanda, saboda haka ya hana shi shiga daji har shekara ta zagayo, kuma gidanmu zai biya mai ɗori. Mutanen Gwaram suka yi shiru, kana babbansu ya tashi ya ba Baffa hannu.

Da dare na tafi gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, da na karkata yau, gobe wa zai tsaya in na ce a tsaya?" Washegari na buɗe littafi na soke kalmomin nan biyu da na rubuta.

Ba na ce mafarauta ba su da laifi ba. Akwai masu cinna wa daji wuta don korar nama, su ƙone ciyawar makiyayi da karan manomi. Akwai masu kama mai ciki da ƙanana, shi ya sa naman ke ta ja baya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Amma raina su gaba ɗaya shi ma haɗari ne. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar komowa Kano yin salla, don an ɗauke su masu satar mutane.

Saboda haka, 'yan'uwa da kuka koyi karatu, ga roƙona. In kuna da mafarauci a gida, kada ku ji kunyarsa kamar yadda na yi. Ku karanta masa dokar gwamnati, ku taimaki Sarkin Dawanku ya rubuta sunayen mutanensa da ranar fita da dajin da za a shiga, a kai wa dagaci, a sanar da maƙwabta tun da wuri. Shi ya san daji, ku kun san takarda, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu zama lafiya, amin.